Wannan ɗan bawul ɗin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sinki, da gaske yana maye gurbin bututun iska?

Abban Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu aikin famfo da injiniyoyin da ke cikin zauren nan. Gidana bene ne hawa ɗaya, kwanan nan muka fitar da ƙaramin banɗaki a ƙarƙashin matakala saboda baƙi, sannan uwargida ta dage sai an mayar mata da sinkin kicin tsakiyar ɗakin irin wanda ake yayi yanzu, wato bai jingina da bango ko ɗaya ba. To yanzu duk sanda aka kora ruwa a masan sama sai ka ji besin ɗin ƙasa yana ƙugi gurrr gurrr, in an jima kuma wari ya biyo baya. Mai yi min aikin ya ce ba sai an fasa dekin an fitar da bututun iska ta rufi ba, wai akwai wani ɗan bawul da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sinkin, a jikin kwalinsa an rubuta AAV, wato bawul mai shigar da iska, shi ke nan magana ta ƙare. Ni dai ban taɓa ganinsa ba. Gaskiya ne ko so yake ya rage wa kansa aiki?

Baba Fulamba Kaduna:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka bari yaro ya yi maka wayo. Tun muna yaran shago abin da aka koya mana shi ne kowane layin masai sai an ba shi numfashi, fayif inci huɗu ya hau jikin bango ya wuce rufi a kafa masa hula. Wannan ba ya lalacewa, ba ya neman gyara, ba ruwansa da roba ko murfi. Yaran yanzu ba sa son hawa tsani ne kawai.

Alhaji Ba Bashi:
Abban Ilham tun farko da ka ce wa Hajiya ta haƙura da sinkin tsakiyar ɗaki duk da ba a zo nan ba 😂

Abban Ilham:
Alhaji zo ka faɗa mata da bakinka, ni ina son zaman lafiya.

Injiniya MB:
Baba ka yi gaskiya ta wani ɓangaren amma bawul ɗin ba yaudara ba ne, abu ne da ake aiki da shi shekara da shekaru. Bari in fara daga ƙugin da Abban Ilham yake ji don in an gane shi sauran mai sauƙi ne.

A ƙarƙashin kowane sinki ko besin akwai wannan lanƙwasar da ruwa ke kwanciya a ciki, masu aiki suna ce mata tirap. Masai shi ma nasa a jikinsa yake, shi ne ruwan nan da kake gani a ƙasan kwanon kullum. Wannan ɗan ruwan shi kaɗai ne ya raba hancinka da iskar sokawe, kuma zurfinsa bai wuce inci biyu zuwa huɗu ba, galibi inci biyu ne wato milimita 50. To in aka kora ruwa a sama, lita shida ko tara ta faɗo cikin fayif a lokaci guda, tana gangarowa tana jan iska a bayanta. In akwai buɗaɗɗen bututu a sama sai ta ja daga can, ba wanda zai ji komai. In babu, dole ta nemi iska ta inda ya fi sauƙi, kuma inda ya fi sauƙi shi ne ta tsotse ruwan tirap ɗin besin ɗinka. Daidai yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, da zarar ka ja sau ɗaya sauran zai bi da kansa. Ƙugin da kake ji iska ce take ratsa ruwan tirap ɗin tana shiga, warin kuma saboda ruwan ya ragu har ƙofa ta buɗe.

Shi wannan bawul aikinsa ɗaya ne tak. A cikinsa akwai wani ɗan faifai mai roba da yake zaune a kan baki, nauyinsa ne ya rufe shi. Da zarar ruwa ya gangara ya fara ja, iskar ɗaki ta fi ta cikin fayif ƙarfi sai ta ɗaga faifan ta shiga, tirap ya tsira. Ruwa na gama wucewa faifan ya koma ya zauna. Ba wuta ba batir. Iska tana shiga amma ba ta fita, ka riƙe wannan don nan ne duk rigimar take.

Baba Fulamba Kaduna:
To ai ka faɗa da bakinka Injiniya. Ba ta fita. Iskar da sokawe yake dafawa dare da rana fa, ta ina za ta bi?

Injiniya MB:
Yauwa Baba, shi ya sa na ce ka yi gaskiya. Bawul ba ya cire bututun iska daga gida, rage yawansu yake yi. Dole gida ya kasance da aƙalla ɗaya buɗaɗɗe da ya fita waje. Ko a Amurka dokar aikin famfon da ta yarda da bawul ɗin, wadda ake kira IPC, ta shar'anta haka, sai an bar bututu ɗaya ya huda zuwa sarari. Ɗaya babbar dokar tasu kuma UPC ba ta ma karɓe shi kai tsaye ba sai hukumar wurin ta ba da izini, shi ya sa a can wata jihar za ka sa lafiya wata kuma mai duba gini ya ce ka cire.

Ɗan Birmingham:
Ni a nan Ingila nake ɗan taɓa aikin gyaran gidaje, wallahi da wuya ka shiga gidan da aka ƙara wa banɗaki a sama ko aka mayar da ɗakin rufi wurin kwana ba ka tarar da shi ba. Durgo suke ce masa ko da ba na kamfanin ba ne, sunan ya bi shi. Asalin abin daga Suwidin ya fito a shekarun 1970, wani Sture Ericson ne ya ƙirƙiro wanda ake sayarwa da sunan Studor. Dalilin da suke sonsa a nan shi ne duk hudar da ka yi wa rufi wata rana sai ta yi yoyo, ga ruwan sama kusan kullum, ga kuɗin lebura da tsada, to gara ka tsayar da fayif ɗin a cikin gida ka ɗora masa bawul. Amma Baba ka kwantar da hankalinka su ma ba su yar da buɗaɗɗen bututu ba, yana nan a jikin gidaje.

Wani abu da ya kamata mutanenmu su sani, a cikin ƙa'idar gini ta nan, sashen da ya shafi magudanan ruwa Approved Document H, an rubuta ƙarara cewa kar a sa shi a wajen gini kuma kar a sa shi a wuri mai yawan ƙura. Da na karanta wurin Kano ce ta faɗo min a rai, watan Janairu.

Alhaji Ba Bashi:
To ai an gama magana, duk Arewa wuri mai ƙura ne, har cikin firij ƙura take shiga.

Injiniya MB:
Hhhh Alhaji bai kai nan ba. Abin da ake gudu shi ne ƙura ta taru a bakin da robar take zama ta hana ta rufewa ruf, sai wari ya riƙa sulalowa. A cikin kabad ɗin sinki da ƙofarsa ƙurar ba ta kai ta waje ba ko kusa. Inda ni ba zan sa shi ba a garuruwanmu shi ne cikin silin ƙarƙashin kwano, ga ƙura ga zafin Afrilu da ke gasa roba ga ɓeraye, kuma ba mai leƙawa sai abu ya ɓaci. Turawa suna sawa a nasu rufin amma nasu rufin ba namu ba ne.

Maman Hassana:
Don Allah ku bari in sa baki duk da ba sana'ata ba ce. Mu ma mun sha fama da wari a banɗakin ɗakin baƙi, mai gyara ya zo ya ce sai an canza masai, wani ya ce sokawe ne ya cika a kira mota. Ashe rariyar ƙasa ce, wadda ruwan wanka yake bi. Ɗakin ba a shiga sai an yi baƙi, lokacin hunturu ruwan da ke cikinta ya bushe ƙaf, ina haska fitilar waya na hango ƙasan ramin fari tas ba ɗigon ruwa, har da kyankyasai suna leƙowa. Buta ɗaya na juye a ciki kafin la'asar warin ya tafi. Yanzu duk Juma'a in ana shara sai na sa yara su zuba ruwa a rariyar da besin ɗin su kora masan. Abban Ilham ka duba wannan tukuna kafin ka kashe kuɗi.

Abban Ilham:
Na gode Hajiya. Namu ana shiga kullum gaskiya, yara sun mayar da shi nasu. Kuma warin yana biyo bayan ƙugin ne.

Baba Fulamba Kaduna:
Hajiya ta fi wasu masu ɗauke da sifana sanin aiki. Da yawa ma rariyar da ake sawa yanzu ba ta da tirap gaba ɗaya, murfi ne kawai mai huji a kan fayif, an haɗa shi kai tsaye da layin masai. Wannan ko bawul goma ka sa wari sai ya fito.

Nas Zee:
Maganar Maman Hassana ba ƙaramar magana ba ce ta ɓangaren lafiya. A shekarar 2003 lokacin cutar SARS akwai wani rukunin benaye a Hong Kong, Amoy Gardens, sama da mutum 300 suka kamu a wurin. Da aka yi bincike an gano tirap ɗin rariyoyin banɗakunansu sun bushe saboda mutane suna goge ƙasa da tsumma ne ba sa kwara ruwa, ga fankar fitar da iska tana aiki ƙofa a rufe, sai ta riƙa janyo iskar cikin bututun masai tana shigo da ita ɗaki. Don haka ba wari kaɗai ba ne. Kuma wannan warin ruɓaɓɓen ƙwai da kuke ji iskar haidurojin salfaid ce, in ta yi yawa hanci ma daina jinta yake yi, ita ce take kayar da masu shiga ramin sokawe. Don Allah a daina tura yara almajirai ciki da guga.

Alhaji Ba Bashi:
Allah ya kiyaye. Wannan kam ba abin wasa ba ne.

Abban Ilham:
Amin. To Injiniya yanzu ni ta yaya zan gane nawa matsalar bawul zai magance ta? Don kar in saya a banza.

Injiniya MB:
Abu na farko ka zagaya bayan gidan ka duba, layin masan sama yana da bututun da ya hau ya wuce rufi ko kuwa a gwiwar masan ya tsaya? In akwai, ka sa yaro ya hau ya duba hular, sau da yawa tsuntsu ne ya yi sheƙa ko leda ta toshe, ko masu filasta sun cusa takardar siminti sun manta. Wannan kaɗai yana kawo ƙugi.

Na biyu ka tsaya a banɗakin ƙasa ka sa wani ya kora ruwa a sama, kai kuma ka zuba ido a kan ruwan kwanon masan ƙasa. In ka ga ruwan ya yi ƙasa an ja shi, tsotsa ce, bawul zai yi maganinta. In kuma ka ga ya taso sama yana ɓulɓulo da kumfa, to turowa ake yi daga ƙasa, kuma bawul ba ya komai a kan wannan, hasali ma ƙara rufewa yake yi in an turo shi. Wannan yana faruwa a banɗakin ƙasa sosai saboda a gindin fayif ɗin inda ruwa ya faɗo ya karya kwana ya kwanta, nan iska take matsewa. Ko kuma layin ya fara toshewa, ko sokawe ya cika ruwa ya rufe bakin fayif. Ka buɗe chamba, ɗan ramin nan mai murfi da ake leƙa layin ta ciki, ka gani, in ruwa na kwance a ciki ba ya tafiya to ba maganar iska ba ce ma.

Abin da ya sa nake tsawaitawa, na ga gidaje da aka sa bawul mai tsada aka ce bai yi aiki ba jabu ne, alhali an ba shi aikin da ba nasa ba ne.

Baba Fulamba Kaduna:
Kuma ka tambayi yaron a ina ya haɗa layin sabon banɗakin. In dab da gwiwar ƙasa ya huda ya haɗa to nan matsalar take. Ana matsawa gaba kaɗan ne a haɗa a kwance inda ruwa ya huce.

Abban Ilham:
Na je na duba yanzu. Bututu yana nan a baya har sama da hularsa. Na sa an kora ruwa, ruwan masan ƙasa ya ɗan yi rawa ne kawai bai taso ba, besin ɗin ne ya yi ƙugin, da na kwance ƙasan tirap ɗin ruwan ciki ɗan kaɗan ne. Chamba kuma tana tafiya lafiya. Sinkin kicin shi ko ba a taɓa komai a sama ba in aka cika shi aka sake ruwan sai ya yi ƙugi da kansa a ƙarshe.

Injiniya MB:
To madalla, naka irin wanda aka yi bawul ɗin dominsa ne. Besin ɗin ana tsotse shi ne daga layi, sinkin kuma shi yake tsotse kansa, don na tabbata fayif ɗinsa daga tirap ƙasa ya nutsa kai tsaye cikin daɓe tunda ba bango. Duk sanda tirap ya juya ya yi ƙasa a tsaye haka ruwan da ya cika fayif ɗin zai ja na bayansa. Sinkin tsakiyar kicin shi ne wurin da ko masu ƙin bawul suke sassautawa, don in ba shi ba sai an yi wani dogon zagaye na fayif a ƙarƙashin daɓe har zuwa bango, kai kuma ka riga ka sa tayil.

Ga yadda za ka sa ido a kan aikin. Bayan tirap fayif ya ɗan tafi a kwance ya shiga tii, wato mahaɗin fayif mai baki uku, ƙasan tii ɗin ya tafi magudana, samansa a ɗora guntun fayif a tsaye a ɗaura bawul a kai. Wato bawul ɗin bayan tirap yake ta ɓangaren sokawe, ba tsakanin sinki da tirap ba, na taɓa ganin wanda aka sa a can kuma ba abin da yake yi. Ya ɗaga aƙalla inci huɗu sama da fayif ɗin da ke kwance, in kabad ɗin ya ba da wuri a kai shi can sama kusa da ƙasan teburin ya fi, saboda ran da layi ya toshe ruwan datti ya taso kar ya kai ga robar. Ya tsaya a miƙe, in ya karkace ya wuce digiri 15 faifan ba zai zauna daidai ba tunda nauyi ne ke rufe shi. Kar a shafa masa gam a like shi, mai zare ake so da farin tef yadda za a iya kwancewa a canza. Kuma kar a binne shi a cikin bango a yi filasta a kai, iska yake sha, in ba iska a wurin me zai shigar? In dole sai a bango to a yi masa akwati mai murfin raga.

Ɗan Birmingham:
Ƙari a kan na Injiniya, wajen saye a duba lambar ƙa'idar inganci da ke jikinsa. Na Turai za ka ga EN 12380, na Amurka kuma ASSE 1051 na ƙananan layi, ASSE 1050 na babban fayif. Akwai wani baƙi ƙarami mai sifirin a ciki mai arha, wannan na motocin da ake kwana a cikinsu ne da gidajen tafi da gidanka, sifirin ɗin yana tsatsa ya saki. Mai kyau in ka girgiza shi a hankali za ka ji faifan yana motsi, in ka juya shi ƙasa ya buɗe in ka miƙar da shi ya rufe. Kuma girma ya dace, na inci ɗaya da rabi zuwa biyu na sinki da besin ne, kar a ɗora shi a kan layin masai inci huɗu a ce an gama, wancan nasa babba ne daban kuma shi sai ya wuce bakin besin mafi tsayi da ke kan layin.

Baba Fulamba Kaduna:
Rubutu a jikin kaya kuma a kasuwarmu? Ɗana ka daɗe ba ka zo gida ba. Abin da ka ce a rubuta shi za a rubuta maka. Ni abin da nake faɗa kenan, fayif ba a yin jabunsa ta yadda zai ƙi wuce iska, rami ne kawai. Wannan kuwa ran da robar ta taurare a cikin kicin ɗinka warin zai fito ba a kan rufi ba.

Injiniya MB:
Wannan haka yake Baba, duk abin da ke motsi yana da ranar gajiya. Amma canza shi aikin minti kaɗan ne in an sa mai zare. Kuma gane ya mutu ba wuya, in ana jin wari a kabad ɗin a rufe kansa da leda a ɗaure da kyauro a bar shi ya kwana, in warin ya ɗauke to shi ne yake yoyon iska. In kuma ƙugi ne ya dawo to ya manne ne ba ya buɗewa, a kwance shi a saki ruwa a ji, in ƙugin ya tafi an kama ɓarawo. Kar dai a manta a cire ledar.

Baba Fulamba Kaduna:
Na kicin ɗin na bar muku tunda ba bango. Amma besin ɗin ƙarƙashin matakala in akwai bangon waje kusa ni fayif inci biyu zan fitar in hau da shi, ko ka biya ni ko kar ka biya ni haka zan yi.

Abban Ilham:
Baba matakalar a tsakiyar gida take, falo ta gabas ɗakin Hajiya ta yamma.

Baba Fulamba Kaduna:
To Allah ya ba da sa'a. Ka sayi biyu ka ajiye ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Ni tawa matsalar daban ce. Bututun iskar fos ɗin gidana, wato ramin sokawe, yana jikin katanga, maƙwabcina ya ɗora bene yanzu tagar ɗakinsa ta zo daidai da bakin bututun, kullum da ƙorafi kuma yana da gaskiya don ni ma in na hau na ji. Da na ga wannan hirar sai na ce ko in sa a yanke bututun a ɗora masa wannan bawul ɗin tunda ba ya fitar da wari, kowa ya huta?

Injiniya MB:
A'a Malam, don Allah kar ka yi. Wannan shi ne daidai wurin da ba a sa shi. Ramin yana haifar da iska ne da kansa saboda ƙazantar tana ruɓewa, akwai gas ɗin da ake kira mitan a ciki mai kama wuta ga wadda Nas ta ambata. In ka toshe mata hanya da abin da ba ya buɗewa ta waje, ba fasa fita za ta yi ba, za ta bi fayif ta dawo ta tura ruwan masanka ta ɓullo a banɗaki, ko ta nemi tsagar murfin ramin. Ka ɗauke wa maƙwabci ka kai wa iyalinka kenan. Kuma duk sanda aka kora ruwa ya shiga ramin dole iskar da ya tarar ta samu wurin fita, in babu sai ka ga masai yana jan ƙafa wajen tafiya. A dokar IPC ɗin nan ma an hana a yi wa tanki ko rami numfashi da bawul sai in injiniya ne ya tsara shi musamman, an kuma hana ɗora shi a kan bututun waje don kawai a kauce wa taga. Dogayen benaye da ke fama da turowar iska wata na'ura daban ake haɗa musu da ita mai jaka a ciki da ke kumbura ta shanye bugun, ita ma ta bugun daƙiƙa ɗaya ce ba ta iskar da rami ke yi kullum ba.

Ɗan Birmingham:
A nan ƙa'idar ita ce in bakin bututun yana cikin mita 3 daga taga ko ƙofa to sai ya ɗaga sama da ita da aƙalla santimita 90. Ba dokar Nijar ba ce amma lissafin zai yi maka amfani.

Ɗan Maraɗi:
To benen nasa ya fi gidana tsayi sosai, in na ce zan wuce tagarsa fayif ɗin zai tsaya shi kaɗai a sama iska ta karya shi.

Baba Fulamba Kaduna:
Ba sai ka yi gasar tsayi da shi ba. Ba dole numfashin ya fito daga kan ramin ba, in layin da ya taho daga banɗaki zuwa ramin a buɗe yake ba tirap a tsakani to iskar za ta iya bin sa ta fita ta can farkon layin. Ka sa mai aikinka ya duba chamba ta farko wadda ta fi nisa da katangar maƙwabcin, ya fitar da inci huɗu daga nan ya hau jikin bangonka ya wuce rufinka, ya kama shi da kilif duk bayan mita ɗaya da wani abu. Amma ya leƙa cikin ramin tukuna ya ga tii ɗin da ke bakin shiga, samansa ya zama a buɗe yake sama da ruwa, in an sa gwiwa ce ta nutse a ruwa iskar ba za ta samu hanyar komawa ba sai an canza ta. In sabon ya fara aiki sannan a toshe tsohon, kar a fara da toshewa. A kan hular kuma a ɗaura ragar sauro ta roba ba ta ƙarfe ba, ta ƙarfe iskar ramin tana cinye ta.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ragar ba za ta toshe da ƙura ba?

Baba Fulamba Kaduna:
Za ta toshe mana. In hunturu ya wuce ka sa yaro ya hau da tsohon buroshi ya kakkaɓe ta.